Rediyo mai AUX a tsohuwar hayis: yadda ake haɗi ba a kashe batir ba

Wani direba mai jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari a Zariya ya aiko da wannan: "Assalamu alaikum Oga. Ina da tsohuwar hayis 'yar Kwatano. Rediyonta ta asali ce mai kaset, tana kama tasha amma kaset ɗin ya daina juyawa. Ina so in riƙa sa karatu da wa'azi daga salulata. Wani ya ce a buɗe rediyon a yi mata ramin AUX, wani ya ce in sayi sabuwa. Abokina ya sa sabuwa a tasa, yanzu in motar ta kwana biyu ba aiki sai an tura, kuma in ya sa salula a caji sai ka ji wani fito yana bin totur. Wanne zan yi, kuma yaya ake haɗin?"

Wa alaikumus salam, Malam direba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.

In shawarata za ka bi, sayi sabuwa mai ramin AUX, wato inda ake soka igiyar sauti daga salula, da na USB a fuskarta, wadda ba ta da CD, ka cire tsohuwar ka ajiye. Abin da ya sami abokinka kada ya karya maka gwiwa. A shekarun da na yi ina wayarin mota, da wuya in ga rediyon da ta fito daga kwali da ciwonta. Kusan kullum hannun da ya ɗaura ta ne ya ja. Bas irin taka ta bi hannaye da yawa tun kafin ta sauka Kwatano, nan ma kowane rewaya da ya taɓa ta ya bar tabonsa a bayan dashbod. Mafi yawan aikin yana wurin gane wayoyin motar.

Bari in fara sallamar maganar tsohuwar. Akwai kaset na ƙarya mai igiya, a tura shi cikin rediyo, a soka bakin igiyar a salula. Yana aiki, amma sai injin kaset ɗin na da rai, naka kuwa ya mutu, galibi bel ɗin roba ne ya tsinke ko zafi ya narkar da shi. Akwai kuma ɗan abin nan da ake sokawa a ramin kunna sigari, ya karɓi sauti ta Bluetooth ya watsa shi kamar ƙaramar tashar FM ka kamo a rediyo. Yana da araha, ba a yanka komai, sai dai ba ya rabuwa da shuuu a ƙarƙashin sautin, kuma in ka doshi Kaduna ko Kano inda tashoshi suka yi yawa, wata tasha za ta hau kansa ka kama lalube kana tuƙi.

Buɗe rediyon kuwa yana yiwuwa. A tsofaffi masu makunnin ƙara na gargajiya, wanda in ka murɗa yana da farko yana da ƙarshe, sautin ta cikin makunnin yake ratsawa. Mai gyara zai nemo ƙafafun da sautin hagu da na dama ke shiga, ya katse su, ya bi da su ta ramin AUX mai 'yan harsuna a ciki, irin wanda in an soka igiya yake yanke tasha ya ba salula hanya, in an zare tashar ta dawo. A kowane layi a sa ƙaramar kafasita don kada wutar cikin rediyon ta koma wa salula. In makunnin mai juyawa ba iyaka ne yana ƙas-ƙas, to babu sauti a jikinsa, umarni kawai yake aikawa, aikin ya yi nisa. Wannan duk aikin tebur ne a shagon mai gyaran rediyo, ba na gindin darbejiya a gareji ba. In ka haɗa kuɗin hannu da na kaya da lodin da za ka rasa ranar, ka kusa kuɗin sabuwa, ga shi har yanzu ba ka da USB. A bar kaza cikin gashinta.

Masu Hijet da ƙananan Suzuki da aka ƙera don kasuwar Japan ma ba su da zaɓi. Tsofaffin rediyon Japan daga 76 zuwa 90 suke kama FM, namu kuwa daga 87.5 ne zuwa 108. Freedom ta Kaduna tana 92.9, ta Kano tana 99.5, duk sun wuce inda rediyon take tsayawa. Shi ya sa za ka ji mai Hijet yana cewa rediyonsa ba ta kama komai, har a canza masa eriya sau biyu a banza.

Kafin ka shiga kasuwar Sabon Gari, auna ramin. Ma'auni ne na duniya da ake kira DIN: faɗi milimita 180, tsayi 50, mai hawa biyu kuma tsayinsa 100. Toyota da ƙarafa biyu na gefe take riƙe rediyo, don haka kada ka yar da na jikin tsohuwar, su za ka mayar a sabuwar. Ka yi amfani da gajerun sukurorin da suka zo a kwali, dogo yana iya huda allon ciki tun ba a kunna ba. Na ce marar CD saboda ƙurar hunturu da ramukan hanya ba sa barin idon CD ya daɗe. Rubutun 4x50W da ke goshin kwali kuwa kirari ne, abin da ke fita tsaf ba tare da sauti ya fashe ba bai cika wuce wat 20 a kowace sifika ba, kuma ya ishi bas.

Yanzu ga gundarin aikin. A bayan sabuwar rediyo akwai damin wayoyi, launukansu kusan ɗaya ne ko Pioneer ce, ko Sony, ko Kenwood, ko 'yar Chana marar suna. Uku ne ke ba ta rai. Rawaya wutar dindindin ce daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye, kuma a yawancinsu ta nan babbar wutar take shiga. Ja wutar makulli ce, wadda ke zuwa in ka murɗa zuwa ACC, wato matakin makullin da ke ba rediyo wuta ba a tayar da inji ba, ita ke gaya wa rediyo ta farka ko ta kwanta. Baƙa ta bodi ce. Shuɗiya, ko shuɗiya mai farin zane, wuta take fitarwa don eriya mai tashi da kanta ko amfilifaya. Kada a ba ta wuta, in ba ka buƙatarta naɗe bakinta ka ajiye. Mai ruwan lemo ta fitilar dashbod ce. Sauran takwas na sifikoki ne, biyu-biyu: fara gaba hagu, mai ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kowace mai baƙin zane ita ce negatif ɗin 'yar'uwarta.

Tarkon shi ne waɗannan launuka na rediyo ne kaɗai. Mota tana da nata. A yawancin Toyota wutar dindindin shuɗiya ce mai zanen rawaya, ta makulli mai ruwan toka, ta bodi mai ruwan ƙasa. Rawaya da ja da baƙa duk suna nan a soket ɗin, sai ka ce kai suke jira, amma na sifikokin baya ne. Ina yaron gareji a Tudun Wada, ogana ya tafi sayen kaya ya bar ni da wata Toyota da sabuwar rediyo a kwali. Na ce yau zan nuna masa na iya. Ja da ja, rawaya da rawaya, baƙa da baƙa, na naɗe da salatif tsaf-tsaf, na murɗa makulli, shiru. Da ya dawo na ce masa an sayar wa mai motar matacciyar rediyo, a mayar. Bai ce uffan ba. Ya ɗauko kwan gwaji, ya maƙala ɗaya bakin a bodi, ya taɓa wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ko ƙyas. Ya dube ni ya ce, "Kai, da ido ake ganin wuta?" Na ci sa'a ranar ban ƙona komai ba, kunya kawai na sha a gaban mai mota.

To ga yadda ake aunawa. Sa mita a DC 20, ɗora baƙin tsinken a kan ƙarfen bodi wanda ba fenti. Makulli a aljihu, bi wayoyin motar ɗaya-ɗaya da jan tsinken. Wadda ta nuna wajen 12.6 ita ce dindindin, yi mata alama. Murɗa makulli zuwa ACC, wadda ɗazu ba komai yanzu ta nuna 12 ita ce ta makulli. Sai ka kunna ƙananan fitilu ka ga wadda ta farka, wannan ta fitilar dashbod ce, kuma makira ce: in fitilu na kashe tana nuna kamar ta bodi, saboda ta cikin kwayayen fitila tana komawa bodi. Yara da yawa sun ɗaura baƙar rediyo a kanta. Da rana komai lafiya, da magariba direba na kunna fitila rediyo ta ɗauke ko fiyus ya tsinke, a yi ta cewa aljanu ne. In bas ɗin ta baya-bayan nan ce mai jakar iska a sitiyari, duk wayar da ka gani cikin rawayar riga da rawayan soket, ko tsinken mita kada ya taɓa ta.

Bayan ka gama alama, cire kan batir na negatif kafin ka fara haɗi. In Allah ya sa soket ɗin asali yana nan ba a yanke ba, kada ka yanke. Toyota tun wajen 1987 soket biyu take sawa, mai rami 10 da mai rami 6, kuma ana sayar da abokan shigarsu masu wayoyi irin launin sabuwar rediyo. Ka yi haɗinka a kan benci cikin natsuwa, a mota sokawa kawai za ka yi. Masu tsofaffin Sharan da Transporter soket ɗinsu na ISO ne, wato ma'aunin duniya na soket ɗin rediyo, yana shiga kai tsaye, sai dai Volkswagen takan musanya gurbi na 4 da na 7, wato dindindin da ta makulli. Alamarsa rediyo tana aiki amma duk sanda aka kashe mota ta manta tashoshi da agogo. Musanya ja da rawaya ya wadatar, shi ya sa igiyoyi da yawa suke zuwa da 'yan mahaɗai a kan waɗannan biyun.

Ciwon batir ɗin abokinka kusan na san shi ban gani ba. Wanda ya ɗaura ya ƙi wahalar neman ACC, ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya ya ɗora a wutar dindindin. Rediyon da aka haɗa daidai, in an zare makulli, ɗan abin da take sha don riƙe agogo bai taka kara ya karya ba. Wadda aka haɗa haka ba ta san an kashe mota ba. A ce tana shan rabin amfiya, fuska a kunne, Bluetooth yana ta neman salula. A awa 12 na dare ta sha amfiya-awa 6. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, kimanin awa 60, ta sha 30, rabin sabon batir mai 60 ke nan, balle batirin haya da ya riga ya gaji. In ACC ɗin makullin ya lalace, kamar yadda yake a tsofaffin bas da yawa, a ɗauko wutar daga layin ramin sigari in yana bin makulli, in ba haka ba a sa ɗan makunni a kan jar wayar, direba ya saba kashewa.

Maganar fiyus ba ta wasa ba ce. Yawancin rediyo suna da mai amfiya 10 a bayansu, amma shi rediyon kawai yake karewa. In ka ja sabuwar waya daga batir, sai ka sa wani fiyus kusa da kan batir ɗin, kamar taƙi ɗaya, domin in wayar ta goge a ƙarfe a tsakiyar hanya shi ne zai tsinke kafin ta zama garwashi. Duk inda za ta ratsa hujin ƙarfe a sa mata roba. Injin hayis yana ƙarƙashin kujera, wurin akwai zafi, a nisanta ta da salansa. Al'adar nan ta cusa silin waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus don "a ƙarasa lodi", a motar da ke ɗaukar mutane fiye da goma da ƙofa ɗaya ta fita, ni ba na yi, ba na bari a yi a gabana. Ita baƙar wayar kuma a ba ta nata noti a ƙarfen bodi, a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, wayar ta zama gajeruwa. Sukurun da ya shiga robar dashbod ba bodi ba ne.

Sifikoki suna da sauƙi in ka riga ka ware wayoyin wuta. Ɗauki ƙaramin batirin tocila mai 1.5, taɓa wayoyi biyu a kawunansa, sifikar da ta ce ɓuk tasu ce. In takardar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan fozitif ɗin batir ita ce fozitif. In ka juya ɗaya sifika ba abin da zai ƙone, amma gangar sautin za ta ɓace, ka ji muryar mai karatu ta zama siririya kamar daga cikin gwangwani. Abin da ke ƙona rediyo daban ne. A wasu tsofaffin motoci, ko inda wani ya yi tsimin waya, waya ɗaya ce ke zuwa sifika, ɗaya ƙafar an ɗaure ta a bodi. Sabbin rediyo duka wayoyin biyu sauti suke ɗauke da shi, in ɗaya ta taɓa bodi IC ɗin ƙara, wato ɗan abin da ke ƙara sauti a cikin rediyon, zai yi zafi ya mutu, in mai kariya ce ta ɗauke sauti gaba ɗaya. Mayar da mita wurin gwajin haɗuwar waya mai yin kuka, auna tsakanin kowace wayar sifika da bodi, in mita ta yi kuka ja sabbin wayoyi biyu-biyu. Na san kuma direbobi da son ƙara sifika a baya don na kujerar ƙarshe su ji. Rediyo sifika mai om 4 take so a kowane layi. In ka ɗora biyu kafaɗa da kafaɗa sun koma om 2, za ta yi ƙara na 'yan kwanaki sannan ta ƙone. In dole ne, a jera su ɗaya ta bi ta cikin ɗaya su zama om 8, ƙarar ta ragu kaɗan, rediyo ta zauna lafiya.

Haɗin kansa a liƙe shi da dalma a sa robar nan mai tsukewa da zafi, ko a matse da mahaɗi. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif yana kai ka damina, amma zafin Maris da Afrilu cikin motar da ta wuni a tashar Kwangila yana narkar da gam ɗin, salatif ya saki, tsiraicin waya ya fito.

AUX ɗin, bakin igiyarsa milimita 3.5 ne mai gaɓa uku: tsini na hagu, tsakiya na dama, gindi na tarayya. Sayi mai zobe biyu baƙaƙe. Mai zobe uku na makirfo ne, a wasu ramuka ba ya zama daidai, sai ka ji kiɗa ba murya ko gefe ɗaya ya yi shiru. Ka nemi mai lanƙwasasshen kai, domin a hayis mutum biyu ne a gaba ban da kai, gwiwar na tsakiya tana daidai fuskar rediyo, kuma miƙaƙƙen kai in aka buge shi ramin ciki yake ɓallewa daga allo. In rediyon AUX ɗinta a baya yake, ja da fari, sai a ja igiya mai rufin kariya zuwa ƙaramin rami a dashbod, a bi da ita nesa da wayoyin wuta da kwayil, kuma kada a haɗa gindinta da bodi. Wasu rediyo, irin Pioneer, sai an shiga saiti an kunna AUX kafin ya bayyana. Mutane sun sha mayar da lafiyayya saboda wannan. Ƙarar salula ka bar ta wajen kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ƙarawa daga rediyo. Yawancin Tecno da Itel da Infinix suna da ramin, iPhone kuwa tun ta 7 a 2016 aka cire, sai da adafta. In sauti yana yankewa, leƙa ramin salular tukuna, sau da yawa ƙura da zaren aljihu ne suka cushe.

Fiton da ke bin totur daga altaneta yake. Salular da ke caji ta sami hanya biyu zuwa bodi, ɗaya ta caja, ɗaya ta gindin igiyar AUX. Tsakanin hanyoyin akwai ɗan bambancin wuta, sai kukan altaneta ya hau igiyar sautin, rediyo ta ƙara shi tare da karatun. Gwajinsa na daƙiƙa biyu ne: inji na aiki, zare caja. In fiton ya tsaya, ka kama ɓarawo. A gyara baƙar wayar rediyo, a canza cajar in ta banza ce, in ya ƙi a sa ɗan akwatin nan mai ƙananan taransifoma da ake jonawa a tsakiyar igiyar AUX, yana barin sauti ya wuce ya yanke hanyar wutar. Mafi sauƙi ma, zuba karatun a filash ka soka a USB, ko ka bi ta Bluetooth, salula ta yi cajinta ba ruwan kowa. In kuwa fiton yana nan har a FM da filash, a duba kawunan batir da wayar da ta haɗa inji da bodi, sannan altaneta. Inji na aiki, mita a kan batir ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, in ta haura 15 a gyara caji kafin a ɗaura kowace rediyo. Tas-tas mai bin bugun inji a motar fetur kuma wayoyin fulogi ne.

Masu Kosta ta gas su lura, yawancinta bolt 24 ce, daga batir biyu. A sa na'urar sauke wuta zuwa 12. Ɗebo wuta daga batir ɗaya cikin biyun yana gajiyar da shi, ya ja ɗan'uwansa.

Kafin ka tura rediyon cikin rami ka ɗaure, mayar da kan batir, ka gwada ta tana kan kujera: ajiye tasha, kashe mota, zare makulli, jira minti ɗaya, kunna ka ga ko ta tuna. Kunna fitila, danna oda, taka totur, juya sauti hagu da dama, gaba da baya, soka AUX da caji tare. Abokinka kuma yau da daddare ya zare makulli ya danna makunnin rediyo. In ta kunna, ya kawo motar kowane rewaya mai mita a raba ja da rawaya, aikin bai kai rabin awa ba. Kafin nan ya riƙa zare fiyus ɗin da ke ba ta wuta, ko ya cire kan batir na negatif, duk ranar da motar za ta kwana ba aiki.